RAJKUMAR KOHLI: Maciji ya ɗaga shi, maciji ya kayar da shi

A ranar 24 ga Nuwamba, 2023 Rajkumar Kohli ya mutu a birnin Mumbai ya na da shekara 93. Na san da yawa daga cikin ku za su ce, "To, shi kuma wane ne?" Amma da zan ce mai fim ɗin macijiyar nan da ta riƙa bin abokai shida ɗaya bayan ɗaya, kafin in rufe baki wani zai ce Nagin. Haka rabon darakta ya ke. A san jarumi, a haddace waƙa, shi kuwa ko sunan sa ba a tsayawa karantawa.

An haifi Kohli a 1930 a Lahore, wadda yanzu ta ke cikin Pakistan. Da furodusa ya fara. Shi ya shirya Lootera a 1965 tare da ɗan kokawar nan Dara Singh da jaruma Nishi, wadda ta zama matar sa, sannan Dulla Bhatti a 1966 cikin harshen Punjabi. Da ya koma bada umarni sai aka san shi da abu biyu: tara manyan jarumai a fim guda, da labarin abin tsoro. A Nagin na 1976 kaɗai akwai Sunil Dutt, Feroz Khan, Sanjay Khan, Jeetendra, Kabir Bedi, Vinod Mehra, Rekha da Mumtaz, ita kuwa Reena Roy ita ce macijiyar. Kada ku haɗa shi da Nagina na Sridevi da Amrish Puri. Wannan na Harmesh Malhotra ne, a 1986 ya fito.

Labarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Macizai ne biyu masoya da ke iya rikiɗa su zama mutane. Wani cikin abokan ya ga maciji a jikin mace, ya zaci saran ta zai yi, ya harbe shi. Ita kuma ta duba idon mijin ta, ta ga hoton mutum shida, ta rantse sai ta ga bayan su. Biyar ta kashe, Sunil Dutt kaɗai ya sha.

Ni a Kalambaina na tashi, inda tireloli ke layin lodin siminti dare da rana. Ba a haife ni ba sa'ilin da fim ɗin ya fito, a faifan CD na gan shi a gidan kallon unguwar mu, cikin direbobi da yaran mota da leburorin da su ka taso daga aiki. Mutane ne da ba su raga wa fim. In bai yi masu ba, da ihu za su sa a canza faifai. Amma ran nan ɗakin tsit ya yi. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne gardamar da ta ɓarke bayan an tashi. Wasu na cewa macijiyar ta yi daidai, ai mijin ta aka kashe. Wasu na cewa mutum ɗaya ya yi harbi, me sauran su ka yi mata? Har na kai gida ban yanke wa kai na hukunci ba.

A gani na nan ne ƙarfin Kohli ya ke. Kafin ya tsorata ka, sai ya fara ɗora wa wani alhaki. Ka na jin tsoron macijiyar, kuma ka na tausayin ta. Babu kwamfuta a lokacin. Maciji ne na gaske, da dabarar kyamara, da kiɗan Laxmikant da Pyarelal, da idanun Reena Roy.

Sannan labarin ya tarar da Bahaushe a shirye. Mu ne masu tarihin macijin rijiyar Kusugu a Daura. A bori akwai Danko ɗan Musa, wanda ake dangantawa da maciji. Tun mu na yara ake ja mana kunne kada mu yi gaggawar kashe macijin da mu ka gani cikin gida, don ta yiwu mutanen ɓoye ne. Har karin magana gare mu a kan wanda ya kashe maciji bai sare kan sa ba. Wanda ya tashi da wannan a kunnen sa ba ya buƙatar a fassara masa Indiyanci kafin tsikar jikin sa ta tashi.

A 1979 Kohli ya sake cin kasuwa da Jaani Dushman, labarin dodon da ke ɗauke amare masu jajayen kaya a hanyar kai su ɗakin miji. Nan ma akwai alhaki a gindin abin: fatalwar wani ango ce da amaryar sa ta ba shi guba a daren farko, ta shiga jikin mai garin, wato Sanjeev Kumar. A 1988 ya ƙara da Bees Saal Baad na Mithun Chakraborty da Dimple Kapadia.

Daga nan sai son ɗa ya shigo cikin sana'a. Ya ɗauki ɗan sa Armaan ya yi masa Virodhi a 1992, Aulad Ke Dushman a 1993, da Qahar a 1997, amma yaron bai tashi ba. A 2002 sai dattijon ya koma wa macijin da ya yi masa rana. Ya shirya Jaani Dushman: Ek Anokhi Kahani, ya ba Armaan matsayin macijin mai ɗaukar fansa, ya kewaye shi da Sunny Deol, Akshay Kumar, Sunil Shetty, Manisha Koirala da mawaƙi Sonu Nigam. Zaluncin da aka yi wa yarinyar na nan cikin labarin, sai dai an binne shi da siddabarun kwamfuta. Maciji na kauce wa harsashi irin na The Matrix, ya na narkewa ya haɗe kamar mugun Terminator 2. Fim ɗin ya kwanta warwas, kuma daga shi Kohli bai sake bada umarni ba. Yau a YouTube don dariya ake kallon sa. Da aka sa mana shi a gidan kallon nan dai, wani tsohon direba cewa ya yi, "Wanga ba maciji na ba, wanga katun na!"

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi, daraktocin mu na ke ji. Sau nawa mu ka ga fim ɗin aljanu na Hausa inda aljanin bai wuce farar hoda da likkafani da dariyar "hahaha" ba? Yanzu kuma da kowane edita ke da kwamfuta, sai wuta daga ido da ɓacewa ɓat. Yara na dariya, manya na tsaki. Alhali mu na zaune kan labaran da ko Indiya sai ta yi kwaɗayin su: tsohuwar rijiya, kukar bayan gari, kangon da aka cinye wa marayu, dukiyar da aka yi da tsafi ta na bin zuri'a.

Don haka malam darakta, kafin ka kira mai kwalliya ko ka zauna da edita, zauna da marubucin ka tukuna. Ku amsa tambaya ɗaya: wa aka zalunta a labarin nan, kuma wa ke bin bashi? In kun samu amsar, ko da fitilar ƙwai da inuwa a bango za ku hana mu barci. In ba ku samu ba, ku tuna mutumin da ya tara Sunny Deol da Akshay Kumar da kuɗi da kwamfuta a fim guda, aka tashi ana yi masa dariya.