Rabin awa tsakanin Maradi da Damagaram

Ina cikin shagon Kawu a kasuwar Katako, muna ƙirga sandunan katako da bandir ɗin kwano da za a loda wa wani magini, sai wayata ta yi ƙara. Yaya ce daga Damagaram. Ta ce jikin Inna ya tsananta, kuma tun safe sunana take kira. Inna kakata ce, amma ita ta goya ni, ita ta fara kai ni lakkwal da hannunta.

Kawu bai yi dogon magana ba. Ya ce: "Ɗana, je ka tambayo jirgi. Ko nawa ne, Allah zai hore."

Ni da ban taɓa taka filin jirgin Diori Hamani ba, sai dai in hango shi daga hanyar Dosso. Na je na tambayo. Tafiyar ba ta kai awa 2 ba, in ji mai sayar da tikiti, don a sama tsakanin Yamai da Damagaram bai cika kilomita 750 ba. Amma jirgin cikin gida ba kullum yake tashi ba. Na gaba sai jibi. Kuɗin kuwa, da na ji shi sai da na sake tambaya, don na ɗauka kunnena ne. Kawu ya ce zai biya duk da haka. To, jibi fa?

Sai na yanki tikitin kar. Ƙarfe 4 na asuba muka tashi.

Ƴan gabas da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni sun san wannan hanya kamar tafin hannunsu: wajen kilomita 900 na kwalta, Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, Galmi da buhunan albasarta, Madawa. Kowane shinge a tsaya, a sauko, a nuna kati. Da can ina son tsayawar Konni saboda nama. Ran nan ko ruwa ban iya haɗiyewa ba, agogo kawai nake duba.

Muna shiga Maradi, wajen ƙarfe 3, Yaya ta sake kira. Tun kafin ta buɗe baki na gane. Ta ce za a yi jana'iza bayan la'asar, malamai sun ce kada a ajiye ta. Ban ce a jira ni ba. Wa zai ce haka?

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne lissafin da na zauna ina yi a kujerar kar, kamar wani mai jarrabawa. Maradi tana da filin jirgi, Damagaram tana da nata. Tsakaninsu a miƙe kilomita 200 ne da ƴan kai, ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye su a kamar rabin awa. Da na samu sallar. Amma filayen biyu suna can shiru, mu kuma muna da Agye, Tasawa da Takeita a gabanmu, fiye da awa 3.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ji komai. Ya miƙo mini goro, ya ce: "Sai haƙuri, yaro. Allah ya jiƙan ta."

Na isa unguwar Birni bayan isha'i. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune. Yaya ta jawo ni ɗakin Inna, ta nuna mini ƙwaryar fura da Inna ta sa a dama tun jiya, ta ce a rufe mini.