Farautar Sisi a Ƙasar Amurka

Tun da na komo daga karatu a ƙasar Amurka 'yan'uwa ɗalibai kan tare ni da tambaya, wai in ba su labarin abin da ya fi ba ni mamaki a can. Galibinsu suna zaton zan ce dogayen benaye ne, ko kuwa dusar ƙanƙara. To, waɗannan duka na gan su, amma abin da ya zauna mini a rai shi ne wani dattijo da kan ɗauko akwatin kuɗin ƙarfe daga banki kowace ran Juma'a, ya kwana biyu yana dubawa ƙwaya ƙwaya, ran Litinin kuma ya mayar da shi kusan yadda ya ɗauko shi.

A gidansa na kama hayar ɗaki, a wani gari na jihar Wiskonsin, cikin shekarar 2015. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne mai cin fansho, matarsa ta rasu, 'ya'ya kuwa kowa ya kama gabansa. Baba nake ce masa, domin bakina ya ƙi kiran mai furfura da tsurar sunansa kamar yadda suke yi a can. Daren da na fara ganinsa a ɗakin girki, ya baza kuɗi a kan tebur yana leƙa su da gilashi, sai na ce a raina lalle na faɗo hannun marowaci. Ashe ba ƙirga yake yi ba, farauta ce, kuma haka su ma suke kiran abin a harshensu, wato farauta cikin naɗin kuɗi.

Kuɗin da yake dubawa shi ne na santi biyar, wanda Amurkawa ke kira nikel, da sunan ƙarfen da ke cikinsa. Da aka sauya mana kuɗi a 1973, iyayenmu sun ci gaba da kiran kwabo biyar sisi, saboda haka ni ma a wannan rubutu sisi zan riƙa ce masa. Nauyin kowane ɗaya giram 5 ne, kashi 75 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 25 nikel. A banki akan naɗe guda 40 cikin takarda mai shuɗi, dala 2 ke nan, sa'an nan a zuba naɗi 50 a akwati ɗaya. Wato akwati guda dala 100 ne, ƙwaya 2,000, nauyin kilo 10. Wanda ya taɓa ɗauko shi a kan titin da ƙanƙara ta daskare ba ya bukatar a gaya masa.

Ni ma ba don sha'awa na shiga abin ba. Yana ce ta fara rufe idon Baba, har ya kai ba ya iya rarrabe 3 da 8. Wata ran Asabar sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka ara mini idanunka." Ya buɗe mini wani shuɗin kundi na kwali wanda aka huda wa gurabe, kowane gurbi da shekara da harafi a ƙarƙashinsa, daga 1938 zuwa 1961. Tun yana yaro ya fara cika shi. Duk gurabe sun cika sai guda ɗaya, na 1950 mai harafin D.

A nan sai in tsaya in bayyana wannan harafi, don shi ne rabin ilimin. Sisin da ke yawo a hannun mutane tun 1938 yana da kan Shugaba Tomas Jefason a fuska, a baya kuma hoton gidansa mai ƙubba da ake kira Montiselo, a jihar Bajiniya. Maƙera uku suka buga shi: ta Denba mai harafin D, ta San Faransisko mai S, da ta Filadalfiya, wadda a da ba ta sa kome. Har zuwa 1964 ɗan harafin yana baya, a daman gidan. Daga 1965 zuwa 1967 ba a sa shi ba sam, a 1968 kuma aka mai da shi fuska, kusa da shekara. Sisi biyu na shekara ɗaya, wannan harafi kaɗai kan raba wanda ake nema ruwa a jallo da wanda ba mai kallo.

Dabarar Baba tun daga banki take farawa. Ba ya mayar da kuɗi inda ya ɗauko su. Yana da bankin ɗauka, yana da bankin zubarwa. In ba haka ba, mako mai zuwa abin da ka riga ka tankaɗe shi za a sake miƙo maka, ga kuma akawu ya fara ɗaure maka fuska. Yakan kuma roƙi a ba shi naɗin da mutane suka yi da hannu a gida, domin irinsu ne kan fito daga tsohon gwangwanin wata kaka da jikoki suka fasa. Naɗin inji kuwa, idan ka leƙa ka ga duk bakunan suna walƙiya da shekara ɗaya, sabon bugu ne, kada ma ka wahalar da kanka.

Idan mun zauna, sai a shimfiɗa tawul, a kunna fitila ɗaya tak a gefe, don hasken da ya zo a kaikaice shi ke tayar da rubutun da ya shafe. A gabanmu akwai wata tanda ta ƙarfe irin wadda matansu ke gasa kek a ciki, kowane rami da abin da ake jefa masa. Kafin a fasa naɗi sai a dubi bakinsa biyu, a ware wanda ya nuna tsohuwar ƙwaya. In an fasa, sai a bi kansu da mayen ƙarfe. Sisin Amurka ba ya kamuwa, amma tsohon na Kanada, wanda kusan zallar nikel ne, nan da nan sai ya yi tsalle ya manne. Da yake jihar ba ta da nisa da Kanada, ba a rasa su.

Daga nan sai babban darasi: baya ake fara dubawa, fuska daga bisani. Masu farautar santi goma ko santi 25 su gefe kawai suke kallo, domin na azurfa ba shi da jan layin nan da na yanzu ke da shi, sai su gama naɗi cikin ƙiftawar ido. Sisi bai yarda da wannan gajeriyar hanya ba. Dole ka kifa su, ka nemi babban harafi, P ko D ko S, a saman ƙubbar gidan. In ka gan shi, ka sami sisin yaƙi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an bukaci nikel don ƙera kayan yaƙi, saboda haka daga ƙarshen 1942 zuwa 1945 aka buga sisi da jan ƙarfe kashi 56, azurfa kashi 35, manganis kashi 9. Kowane ɗaya yana ɗauke da azurfa wajen giram 1.75, kuma launinsa kan yi duhu-duhu kamar toka mai ɗan kore. Wannan ne karo na farko da Filadalfiya ta sa harafinta, P, bisa yadda suke rubuta sunan garin. A akwati guda mukan sami ɗaya, wani lokaci biyu, sau da yawa kuma ko ɗaya.

Bayan haka duk mai ƙaramin D ko S a daman gida a ware shi, don ka san bai wuce 1964 ba. Sa'an nan ne za a juya fuska a karanta shekara. Gilashin ƙara girma sai a ƙarshe, kan 'yan waɗanda suka shiga tanda. Baba yakan ce wanda ya fara da gilashi zai kai asuba bai gama naɗi goma ba.

Daren farko na tara wani tudu na masu 1964, ina ta murna na ga tsofaffi. Baba ya yi dariya har da tari. Ashe a lokacin an yi ƙarancin kuɗin ƙarfe a ƙasar, aka yi ta buga wannan shekara har bayan ta wuce, sai da adadin ya haura miliyan 2,800. Na 2009 kuwa, da na riƙa jefarwa don na ga sabo ne, shi ya kamata in ajiye, saboda a shekarar tattalin arziki ya karye, abin da maƙera biyu suka buga gaba ɗaya bai kai miliyan 90 ba. Nan na fara gane cewa tsufa dabam, ƙaranci dabam.

Jefi-jefi mukan ci karo da wanda ya girmi Jefason, wato mai ɓauna, na 1913 zuwa 1938. Akasarinsu shekarar ta goge, domin an ɗora ta ne a tudun kafaɗar mutumin da ke fuskar, inda hannu ya fi shafa. Akwai wani ruwan magani da ake ɗigawa ta fito, amma yakan bar tabo har abada, Baba kuwa ba ya yarda ya shigo masa gida. Akwai kuma ɗan sikeli a gefen tebur, wanda aka ajiye don mutum ɗaya. Wani Francis Henning a jihar Niyu Jasi ya buga jabun sisi, cikinsu har da masu 1944, amma ya mance da babban harafin nan na saman ƙubba. Mantuwar ta tona masa asiri, aka kama shi a 1955 aka ɗaure. Nasa kan ɗan fi giram 5 nauyi. Abin dariya, yau masu tara sulalla sukan sayi jabun da tsadar da ta fi ta gangariyar.

Yanzu sai in zo ga abin kunyata. A watan Disamba na wannan shekara Baba ya kwanta mura, na zauna ni kaɗai da akwati. Can wajen naɗi na talatin sai ga 1939, na kifa, ga D. Wannan ita ce ta biyu wajen ƙaranci a duk jerin, miliyan uku da rabi kacal aka buga, ga shi kuma ta fi wadda ke kundinsa lafiya nesa ba kusa ba, har ana iya ganin wasu daga matakalan ƙofar gidan. Sai dai ta yi duhu. Na tuna yadda Inna ke dirje kwanonin tagulla da toka da lemun tsami har su riƙa ɗaukar ido, na ce bari in yi wa dattijo bajinta. Toka babu, sai na sami gishiri da lemo da soson ƙarfe. Ta yi fes, na ɗora a faranti na kai masa.

Ya daɗe yana jujjuya ta a ƙarƙashin gilashi bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Ɗana, shekara 76 tana tara wannan launi, ka raba ta da shi cikin minti biyar." Ya miƙo mini gilashin. Fuskar Jefason duk ta yi zane-zane kamar an ja ƙaya a kanta, matakalan kuwa babu alamarsu. Garin neman gira na rasa ido. A wurin masu wannan sha'awa sisin da aka dirje ya zubar da mafi yawan darajarsa, kuma ba shi da gyara. Bai yi mini faɗa ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Don in wanke laifina, na bincika na gano cewa 1950 mai D ɗin nan tana nan a kantunan masu sayar da sulalla, sabuwa ful, kuɗinta bai wuce na abincin kwana biyu ba. Dalili kuwa shi ne, guda 2,630,030 aka buga, mafi ƙaranci a jerin, labari kuma ya bazu tun a lokacin, sai 'yan kasuwa suka kwashe ta naɗi naɗi suka ɓoye kafin ta shiga hannun jama'a. Saboda haka ta yi yawa a kanti, ta yi wuya a banki. Na je na same shi na ce, "Baba, ka yi mini izini in sayo maka ita." Ya ce a'a. Ya ce duk ƙwayar da ke cikin kundin nan santi biyar ya biya, kowace kuma ta yi aiki a duniya, ta sayi jarida ko ta biya kuɗin mota, kafin ta iso gare shi. Ba zai sa baƙuwa a tsakiyarsu ba.

A lokacin na ɗauka taurin kan tsufa ne. Mutum ido na ƙarewa, abin da yake nema shekara hamsin da ɗoriya yana nan a kanti ƙasa da mil biyu, ya ce sai dai a tsinto! Daga baya ra'ayina ya sassauta, ko da yake ban ce na bar shi duka ba. In don riba ce, aikin ba ya biyan ko man mota, kuma tun ƙarshen 2006 doka ta hana narkar da sisi don ƙarfensa, duk da cewa a 2024 gwamnati ta kashe fiye da santi 13 wajen buga kowane guda. Abin da na lura shi ne, muddin gurbin nan yana buɗe, Baba yana da dalilin aske gemu ran Juma'a, ya sa kwat, ya fita ya gaisa da mutane.

Mun yi kusan shekara biyu muna wannan zama. A akwatin ƙarshe kafin in taso, cikin 2017, muna gab da gamawa sai na ga wata tsohuwa da ta kife da fuska sama, na karanta 1950. Hannuna ya ɗauki rawa. Na faɗa masa, ya ajiye kofin shayinsa, ya ce in juya a hankali. Na juya, na kai gilashi daman gidan, na dubi wurin ta kowace kusurwa. Babu kome, ta Filadalfiya ce. Baba ya yi murmushi ya jefa ta a ramin tanda na masu 1950 zuwa 1959, ya ce in hanzarta naɗe sauran, gobe Litinin da sassafe za mu banki.

Ran da zan tafi ya ba ni 1939 ɗin nan da na dirje, a cikin 'yar ambulan. Tana nan a aljihun teburina, wanda yake son gani sai ya biyo ta ofis, amma ya zo da nasa gilashin.