Ramin da Elektiron Ke Tsallakewa

Mu da muka yi sakandare a yankin Kiru da Bebeji, akwai wasu lambobi da muka tsana a darasin Fiziks. Cajin elektiron, 1.6 × 10⁻¹⁹. Lambar Planck, 6.6 × 10⁻³⁴. Gudun haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa. Haddace su muke yi kamar lambar waya, muna fita daga jarrabawa mu watsar.

Wata gardama ce ta mayar da mu kansu, a shagon mai cajin waya, cikin zafin Afrilu. Muka dage cewa tunda rana ta ƙwalle, farantin solarsa zai fi ba da wuta. Ya ce sam, ya fi samun ƙarfi in gari ya yi sanyi kuma sama ta washe. Muka yi masa dariya. Washegari malaminmu ya ba shi gaskiya.

Malam ya ja layi biyu a allo, ya bar fili a tsakani. Ya ce elektiron ɗin da ke cikin silikon, wato abin da ake yin farantin da shi, suna ɗaure a layin ƙasa. Sai wanda ya haye layin sama ne ke iya yawo ya zama wutar lantarki, kuma babu wurin tsayawa a tsakiya. Faɗin wannan rami a silikon elektiron-bolt 1.12 ne, a lu'ulu'u kuwa wajen 5.5, shi ya sa wuta ba ta bi ta cikinsa. Ya ma tuna mana da kuzar Riruwai a Doguwa: gidansu ɗaya da silikon a jadawalin sinadarai, amma ita ba ta da ramin, don haka wuta ke ratsa ta kamar sauran ƙarafa.

Nan lambobin da muka raina suka shigo. Ninka 1.12 da cajin elektiron, ka sami jul 1.8 × 10⁻¹⁹. Ninka lambar Planck da gudun haske, ka raba da wannan amsa, sai ga nanomita wajen 1,100. Duk hasken da tsawon zangonsa ya wuce haka, ba ya iya ɗaga elektiron ko ɗaya. Ashe haske ne ke aikin. Zafi kuwa ɓarna yake yi: yana ɗan tsuke ramin, yana girgiza elektiron, ƙarfin turin wutar ya ragu. Duk digiri ɗaya sama da 25, faranti na asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari. In ya kai digiri 60 a kan kwano, kashi 14 ke nan sun tafi, a watan da famfon sola na unguwa ya fi layi.

Da muka koma shagon ba da haƙuri, muka lura ya ɗage farantinsa a kan katako don iska ta riƙa bi ta ƙasa. Muka tambaye shi ko ya san Planck. Ya ce a wace unguwa yake?