Ƙara a Kan Ƙara



Shekara 19 ke nan ina riƙe da alƙalami a zauren dattijon unguwarmu a nan Zangon Kumasi. Aikina shi ne in zauna a gefen damansa da littafi, in rubuta wanda ya kawo ƙara da wanda aka yi ƙararsa da abin da kowannensu ya faɗa, sannan in karanta wa Maigida taƙaitawa kafin ya yi magana. Rikicin gado, na iyakar gida, na aure, na bashi, babu wanda bai ratsa littafin nan ba. Amma sai a hunturun bara aka kawo mana ƙarar da babban mai shaida a cikinta injin mota ne.

Mai ƙarar ɗan aminina ne, Allah Ya jiƙan mahaifinsa. Da hannuna na rubuta rabon gadonsu. Yaron ya ɗauki kaso mai tsoka daga rabonsa ya sayi mota a hannun wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a New York kafin ya dawo gida. Motar kuwa ba irin wadda muka saba gani a lungunanmu ba ce. Mazda MX-5 ce ƙirar 1996, wadda a Amurka ake kira Miata. Kujera biyu gare ta, rufinta na tamfal ne mai naɗewa, fitilunta suna ɗagowa daga cikin bonet kamar mai buɗe ido daga barci, kuma ta yi ƙasa ƙwarai, har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Alhajin ya shigo da ita ta tashar Tema tun da daɗewa, ya hau ta 'yan shekaru, da gwiwa ta fara damunsa ya ajiye ta ƙarƙashin rumfa kusan shekara 2.

Sati 3 bayan ciniki yaron ya zo zaure ransa a ɓace. Ya ce duk safiya idan ya tayar da motar sai ta riƙa yin kas-kas-kas kamar keken ɗinki, har maƙwabta na leƙowa. Abokansa sun tabbatar masa injin ya kusa bugawa, kuma Alhaji ya sani ya ɓoye. Alhajin ya zo, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce wallahi bai san wani aibi ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba. Yaron ya yi ta magana har muryarsa na rawa, Alhajin yana kallon tabarma.

A nan zan faɗi laifina. Mun karanta a babin ciniki na Risala, tun muna gaban malam, cewa wanda ya sayi abu sannan ya tarar da aibin da ya riga cinikin, wanda bai gani ba kuma ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Da wannan a kaina, da tausayin maraya a zuciyata, na rubuta taƙaitawa wadda ta karkata. Na cika shafi da maganar yaron, na ba Alhajin layi biyu, har na rubuta cewa shirunsa abin dubawa ne. Da na karanta, Maigida ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Malam, kai ka san kukan inji?" Na ce, "Allah Ya ja zamaninka, ban sani ba." Ya ce, "Ni ma haka. To mu nemi wanda ya sani."

Duk mutumin Kumasi ya san Magazin ta Suame, wannan duniyar ƙarfe da ke kan hanyar Offinso, inda dubban fitoci da maƙera da masu walda da masu sayar da kayan gyara suke cin abinci. 'Ya'yan Zango da yawa a can suka koyi sana'a. Akwai wani tsohon fita ɗan unguwarmu, ya haura shekara 70, yaransa suna kiransa Masta, mu ma haka muke kiransa. Da na je masa da maganar, sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a kawo motar Magazin, kada kuma kowa ya tayar da ita. Shi zai zo bayan sallar asuba ya same ta a inda ta kwana. Ya ce injin da ya yi zafi ya riga ya haɗiye rabin maganarsa, kuma duk mai sayen tsohuwar mota da ya tarar an ɗumama masa ita kafin ya iso, to ya dawo gobe da sassafe.

Washegari muka taru a ƙofar gidan yaron, hazo ya rufe gari. Masta bai fara da makulli ba. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man yana ƙasa da layin ƙarshe, baƙi ƙirin, ya yi kauri. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da duba wannan?" Yaron ya sunkuyar da kai. Tun da ya sayi motar bai taɓa zaro sandar ba. Ya dubi Alhaji ya tambaye shi yaushe aka yi juye na ƙarshe, Alhaji ya ce tun kafin ya ajiye ta. Masta ya sa aka ƙara mai har ya kai layi, sannan ya ce a tayar, amma kada a taɓa totur.

Ƙarar ta tashi kamar yadda yaron ya faɗa, kas-kas-kas, mai kaifi, mai sauri. Yaron ya dube ni kamar mai cewa ka ji ko. Masta ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan murfin saman injin, ya manna kunnensa a ƙotar. Ya matsa da ita gaba, ya matsa baya, ya gangara da ita can ƙasa gefen injin. Sannan ya ce in tuɓe babbar rigata in naɗe hannun ta ciki, domin bel mai juyawa ba ya sanin malami, ya miƙo mini sukudirebar. Mu da muka tashi da karin maganar gani ya kori ji, ranar nan na ga wurin da ido ba shi da hanya sai kunne. A sama, ƙarar tana dukan kunnena kamar ana ƙwanƙwasa farce a faranti. A ƙasa kuwa sai wani gurnani mai santsi, babu duka a cikinsa.

Masta ya yi mana bayani a tsaye. Injin wannan mota silinda 4 gare shi da bawul 16, kuma a kan kowane bawul akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe, tafet, wanda baƙin mai ke cikawa domin ya toshe ɗan gibin da ke tsakaninsa da sandar da ke danna shi. Idan mota ta daɗe a ajiye, ko mai ya tsufa ya yi datti, ko ya yi ƙasa, sai ƙoƙon ya kasa cika da wuri, ƙarfe ya riƙa taɓa ƙarfe. Ya ce wannan sananniyar ɗabi'ar ƙirar farko ce ta motar, wadda aka yi daga 1989 zuwa 1997. Alamarta uku: daga sama take fitowa, siririya ce, kuma tana raguwa idan inji ya ɗumama mai ya zagaya. Bugun da ake tsoro, na metal ɗin da ke kan karanshaf, daga ƙasa yake fitowa, mai nauyi ne kamar ana buga guduma a cikin rijiya, yana ƙaruwa idan an taka totur, kuma zafi ƙara fito da shi yake yi, domin mai yana tsinkewa idan ya yi zafi. Ya ce mu jira. Muka tsaya muna kallon agogo. Kafin minti 10 kas-kas ɗin ya yi laushi, ya koma kamar tafiyar agogon bango, sannan ya kusa ɓacewa.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara neman murfin alƙalami. Sai na ga Masta bai ɗago ba. Da babbar ƙarar ta kwanta, ya karkata kai yana sauraren wani abu a gaban injin. Ya sake ba ni sukudirebar. Da ƙyar na ji shi, wani ɗan gurzo ne can ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa tsakuwa a nesa. Ya sa aka kashe motar, ya sassauta bel ɗin da ke juya famfon ruwa, ya kama fulin famfon ya girgiza. Yana motsi gefe da gefe. Ya haska tocila a ƙarƙashinsa, ya nuna mana wani farin sawu da ruwa ya bari ya bushe. Sannan ya ɗora yatsa a kan saman lagireto, wanda na roba ne. Ya ce asalinsa baƙi ne, ga shi ya koma ruwan ƙasa, kuma idan roba ta kai wannan launi ta gama gasuwa, kowace rana tana iya tsagewa.

"Malam," in ji shi, "rubuta wannan. Abin da yaron nan ya kawo ƙara a kansa, juye biyu zai kashe shi. Abin da zai kashe motar kuwa babu wanda ya ambace shi a cikinku." Ya ce kan injin na alminiyom ne, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe. Ranar da famfon ya tsaya ko lagireton ya fashe a kan hanyar Techiman, in direba bai lura da allurar zafi ba, 'yan mintuna sun isa kan ya lanƙwashe gaskit ya ƙone, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka na famfo sau da yawa.

Tun da ya ga muna saurare, ya ƙara mana da wasu muryoyin, ni kuwa ina rubutawa kamar ɗalibi. Tsuwa mai tsini da safe ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, bel ne ya saki ko ya tsufa. Ƙara kamar tsakuwa a gwangwani idan ana hawan tudu da babbar giya, fetur ne ke kamawa kafin lokacinsa, ko don rashin kyansa, ko don tayamin ya goce, ko don zafi ya yi yawa, kuma ba a barinta ta daɗe. Kar-kar na kwano a wani gudu ɗaya kawai, yawanci murfin zafi na salansa ne ya kwance, aikin ƙusa ɗaya. Ya ce kowace ƙara ka yi mata tambaya huɗu kafin ka ba ta suna: daga ina take fitowa, da sanyi take zuwa ko da zafi, tana bin gudun inji ko gudun taya, kuma ƙaruwa take yi kwana bayan kwana ko tana nan yadda take.

Sannan ya juya ga yaron da abin da ya kira haƙƙin mota a kan mai ita. Ya duba baƙin mai duk sati, a wuri mai daidai, injin a kashe. Ya yi juye da sabuwar filta duk kilomita 5,000, domin ƙurarmu da cunkoson Kejetia sun fi ƙarfin lissafin masu ƙira, kuma abin da injin ke sha bai ma kai lita 4 ba. Ya duba filtar iska a lokacin hunturu. Kada ya zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, kada kuma ya buɗe murfinsa da zafi. Kada ya taka totur don burge abokai alhali injin bai ɗumama ba. Game da tayamin bel kuwa, ƙa'idarsa mil 60,000 ce, kusan kilomita 96,000, kuma shekaru ma suna cin roba ko mota ba ta tafiya. Tun da sai an cire shi kafin a kai ga famfon ruwa, hankali shi ne a canza su rana ɗaya.

Da yamma muka koma zaure. Kafin Maigida ya fito na yage shafin jiya na sake rubutawa. Abin da ya tabbata shi ne ƙarar da aka kawo ba aibin da ake mayar da ciniki a kansa ba ce, kuma yaron yana da hannu a cikinta. Amma akwai wani aibin da ya riga ciniki, ɓoyayye, wanda mai saye bai gani ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Maigida ya gaya wa yaron yana da zaɓi. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce yana son motarsa. Alhaji, wanda na zargi shirunsa, shi ya fara magana. Ya ce famfo da lagireto a wuyansa suke, domin a hannunsa suka tsufa. Yaron ya ɗauki bel da mai da kuɗin aiki. Ya tashi ya durƙusa gaban Alhaji ya ce, "Baba, ka yafe mini." Bayan an watse ni ma na bi Alhajin har ƙofar gida na nemi tawa gafarar, na gaya masa abin da na rubuta a kansa. Ya yi murmushi ya ce ai ya ji lokacin da nake karantawa.

Motar tana nan tana yawo a unguwa, yara na binta a guje idan an ɗaga fitilun. Wani lokaci da asuba, ina dawowa daga masallaci, nakan tarar da yaron ya buɗe bonet yana goge sandar mai da tsumma. Ni kuma tun daga ranar, idan mutum biyu suka zauna a gabanmu, ɗaya ya cika zaure da murya ɗaya yana kallon tabarma, nakan bar alƙalamin a ajiye har sai mai maganar ya huce, sannan in juya ga ɗayan in ce, "Malam, kai ma muna saurarenka."

Allah Ya ba mu kunnen jin gaskiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.