Tsoron Wuƙar Likita

'Yan'uwa, mu mutanen zango, da zarar likita ya ambaci tiyata sai jikinmu ya yi sanyi, mu koma ga jiƙo da ƙwayoyin kashe zafi. Wannan jinkiri yana cutar da masu daɗaɗɗen kumburin fankiriyas, wato gaɓar nan ta bayan tumbi mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan tsakuwa ta toshe bututunta, ciwo kan soki mutum daga ciki har gadon baya, ya yi ta ramewa.

Aikin kuwa iri-iri ne. A na Puestow, na 1958, ana tsaga bututun a ɗinke shi da ƙaramin hanji. A na Frey, na 1987, ana ƙarawa da rarake kan gaɓar. In ana zargin ciwon daji, sai na Whipple, a cire kan ɗungurungum. Binciken da aka buga daga Holan a 2020 ya nuna masu toshewar da aka yi wa aiki da wuri sun fi samun sauƙi.

Don haka mu nemi ganin likitan tiyata tun da sauran ƙarfi, mu bar sigari da giya. Allah ya ba mu lafiya.