Ɗan takara ya zo gari: me za mu tambaye shi?

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, maza da mata, waɗanda ke karanta wannan shafi da kansu da waɗanda ake karanta musu a gindin icce. Yau maganar ɗan takarar depite za mu yi, wato mai neman kujera a majalisar dokoki ta ƙasa da ke Yamai.

Wani zai ce: Malam, ina zaɓe yanzu? Gaskiyarka, ɗan'uwa. Tun da soja suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 aka rushe majalisa, a watan Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Zaɓen depite na ƙarshe shi ne na 27 ga Disamba 2020. Amma ba yau farau ba. Da Seyni Kunce ya hau a 1974, ƙasar nan ta yi shekara 15 ba majalisa, sai a Disamba 1989 aka koma zaɓe. Ni a ganina, yanzu da babu kiɗa shi ne lokacin wannan magana. In kalangu ya fara, kunne ba ya jin karatu.

Yadda yaƙin neman zaɓe yake, kun fi ni sani. Ranar Laraba, kasuwar Ƙonni ta cika, sai ga motoci da lasifika, maroƙa na gaba, samari na biye bisa babura. Kashegari su shigo ƙauye da ƙura. A shimfiɗa tabarmi ƙofar maigari. A raba shayi da sukari, mata su samu sabulu da atamfa mai hoto. Ɗan takara ya miƙe ya ce za a gina rijiya, za a yi gidan likita, za a gyara hanya har bakin kwalta. Mu tafa, a yi fatiha, su wuce gari na gaba. Shi ya yi magana, mu ba mu ce komai ba. Wannan shirun namu shi ke damuna.

Bari mu ɗauki misali na gida. Mahamadu Isufu ɗan Dandaji ne, a ƙasar Illela. Injiniya ne na ma'adinai, ya yi aiki a Arlit. Ban kawo sunansa don yabo ko zagi ba, sai don kowa ya san shi. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka yi zaɓen depite na jam'iyyu da yawa, ranar 14 ga Fabrairu 1993. Ya tsaya a Tawa da sunan jam'iyyarsa PNDS Tarayya, ya kuma ci. Kujerun majalisa 83 ne a lokacin. MNSD Nasara ta samu 29, CDS Rahama 22, PNDS Tarayya 13, sauran suka tafi ga wasu jam'iyyu.

To, a nan akwai abu biyu da ya kamata ka lura da su.

Na fari, mutanen Dandaji ba su kaɗai suka kai shi Yamai ba. Ba a yi zaɓen gari gari ba. Duk ƙasar Tawa mazaɓa guda ce, tun daga Ƙonni har Keita da Madawa da Buza, in ban da Tasara da aka ba kujerarta daban. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunayen mutanenta. Kai kuwa jam'iyya ka jefa wa ƙuri'a, ba mutum ɗaya ba. In an gama, sai a haɗa ƙuri'un jaha duka, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu. Misali, a ce kujera 10 ce, jam'iyya ta samu ƙuri'a 3 cikin kowace 10, to rabonta wajen kujera 3 ke nan. Ka ga ba duk mai suna cikin jerin ke zuwa majalisa ba. Kana iya jefa ƙuri'a don ɗan garinku da ka sani, ƙuri'ar taka ta taimaki wani na Abalak da ba ka taɓa gani ba. Ba zamba ba ce, haka dokar take a lokacin, kuma haka aka yi a zaɓen 2020 ma, ko da yake kujeru sun ƙaru, sun kai 113 a 2004, sun kai 171 a 2016. Amma ɗan takara nawa ne ya taɓa tsayawa ya bayyana maka wannan?

Na biyu, wata biyu kawai bayan zaɓen, a watan Afrilu 1993, aka naɗa Isufu firaminista. Doka kuwa ba ta yarda mutum ya haɗa kujerar depite da ta gwamnati ba. Shi ya sa kowane ɗan takara ke da madadinsa, wanda zai zauna kujerar in shi ya zama minista ko ya rasu. Wannan mutum na biyu, sau da yawa ba ma jin ko sunansa. Alhali kuwa yana iya zama shi ne zai yi shekaru yana magana da yawunmu.

Yanzu mu zo ga rijiya. Depite ba ya gina rijiya, ba aikinsa ba ne. In ya gina, daga aljihunsa ne ko ya roƙo, Allah ya saka masa. Ƙananan ayyukan gari, bayan da aka zaɓi ƴan majalisar ƙananan hukumomi a 2004, sun fi kusa da magajin gari a wancan lokacin. Manyan kuwa na ministoci ne. Depite, doka yake yi. Shi ke amincewa da haraji da kasafin kuɗin ƙasa na shekara, wato nawa za a sa ga lakkol, nawa ga likita, nawa ga noma. Shi ne kuma ke kiran minista ya tambaye shi ina kuɗi suka shiga.

Kada ka ce wannan ƙaramin abu ne. A 2006 aka bankaɗo ɓatan kuɗi masu yawa a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, kuɗin littattafai da kayan karatun ɗiyanmu, da namu mu manya. Magana ta je majalisa. Aka yi ta ja-in-ja har ranar 31 ga Mayu 2007, depite 62 cikin 113 suka jefa ƙuri'ar rashin amincewa, gwamnatin firaminista Hama Amadu ta faɗi. Ko kana goyon bayansu ko ba ka goyo, dubi ƙarfin kujerar. Mutum 62 sun sauke gwamnati ba da bindiga ba. Irin wannan kujera ce ake zuwa nema ƙofar maigari da kwalin shayi.

Saboda haka manomin fadamar Ƙonni da ke ban ruwa daga madatsun Mozage da Zango yana da tambaya: in an zo kasafin kuɗi, me za ka ce kan yashe madatsun nan da gyaran magudanai? Mai albasar Galmi da ke kallon buhuna na ruɓewa yana da tasa, kan ajiya da harajin hanya. Saurayin Malbaza da ke kwana yana ganin hayaƙin masana'antar siminti, shi kuwa ba aiki, yana da tasa. Makiyayi ya yi tambaya kan burtali da mashaya. Ba rashin kunya ba ne. Wanda ya zo neman ɗiyarka da aure ma, ai kana binciken halinsa da sana'arsa.

An taɓa yin wata doka da nake so ɗalibai su sani, don ta shafe mu. Tsarin mulkin 2010 ya ce a kowane jerin ƴan takara, aƙalla 75 cikin 100 su zama masu takardar BEPC, wadda ake samu bayan shekara huɗu a kwaleji. Kafin zaɓen Janairu 2011 kotu ta soke jerin jam'iyyu da dama, har da manya, don ba su cika sharuɗɗan doka ba. Wasu sun ji haushi, sun ce an ware dattawa masu hankali da ba su yi lakkol ba. Ni dai ga yadda na ɗauke ta. An bar kashi ɗaya cikin huɗu ga wanda bai yi boko ba, ƙofa ba ta rufe ba. Amma kasafin kuɗi littafi ne mai kauri, da Faransanci kuma aka rubuta shi. Wanda ba ya karatu, in ya je Yamai, hannu kawai zai ɗaga in an ce ya ɗaga. Mata kuma ku sani, dokar 2000 ta ware muku aƙalla kujera 10 cikin 100, a 2019 aka kai ta 25. Ba tafi da guɗa kaɗai ne rabonku ba.

Lokacin zaɓen 2020 wata ɗaliba, dattijuwa mai tuyar ƙosai, ta zo aji ta ce an ba ta jikka biyu, tana tambaya ko ta ci haram. Na ce wannan fatawa ta liman ce, ni lissafi na iya. Muka hau allo. Jikka biyu dala 400 ke nan. Wa'adin depite shekara 5 ne. Raba 400 gida 5, dala 80 a shekara. Raba 80 gida 12, bai kai dala 7 a wata ba. Aji ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Ta ce ko ƙosanta na safe ɗaya ya fi wannan. Ban ce mata ta mayar ba, ban ce ta riƙe ba. Na dai tuna mata cewa a bayan labulen rumfar zaɓe ba mai ganinta sai Allah. Wasu kan zo da rantsuwa, su ce ka dafa littafi kafin su ba ka. Wannan kam kada ka yarda.

Ga aikin da nake ba ɗalibaina, kai ma ka gwada. Ka ware shafi ɗaya a bayan littafinka. Ka ja layi uku daga sama har ƙasa, shafin ya rabu gida huɗu. Gidan fari sunan ɗan takara da na madadinsa, na biyu ranar da ya zo, na uku abin da ya ce zai yi, da bakinsa, ba da bakin maroƙi ba. Gida na huɗu ka bar shi fari, sai ranar da ya sake dawowa. Kafin zaɓe ya zo, ka fara da na 2020. Ku zauna ku uku ko huɗu, ku tuno wa ya zo garinku, me ya ce. Abin da ɗaya ya manta, ɗaya zai tuna. In kun rubuta, ku ba malaminku ya duba, ku aiko mana da kwafi, da sunan gari da na aji.