Hannun Ɗan Tsibiri

Mutumin Damagaram bai saba wasa da ruwa ba. Gari ne na duwatsu, inda aka daɗe ana auna ruwan sha da garwa, tafkunan da damina ke cikawa kuwa iyaye mata ba su barin yara su kusance su, domin kowa ya san labarin wani yaro da tafki ya ci. Da wannan tarbiyya Alhaji ya tashi, ya yi furfura, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Teku ya sha ganinsa ta tagar jirgin sama, ganin nan kuma ya ishe shi.

A shekarar 1984, shekarar babban fari, ya shiga makarantar EAMAC ta Yamai, wadda hukumar ASECNA ke horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da masu hasashen yanayi a cikinta tun 1963. Da yake hukumar ta haɗa ƙasashe da dama, har da Madagaskar, sai ɗaki ɗaya ya haɗa shi da wani saurayi daga tsibirin Nosi Be, da wani dogon ɗan Senegal mai yawan ba'a. Na farkon suka laƙaba masa Ɗan Tsibiri, na biyun Dogo. Hunturun farko ya wahalar da Ɗan Tsibiri ƙwarai: leɓɓansa suka tsage, hancinsa ya riƙa haɓo. Da babban hutu ya zo zazzaɓi ya kwantar da shi, ga shi ba kuɗin komawa gida, sai Alhaji ya ɗauke shi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram. Can Inna ta yi jinyarsa da kunu da fura har ya miƙe. Da ya bar gidan, Hausar da ya iya ba ta wuce gaisuwa da «Inna» da «na ƙoshi» ba.

Bayan karatu aiki ya rarraba su. Wasiƙu suka yi ta raguwa har suka ƙare, ba tare da wani saɓani ba, sai dai nisa da ɗawainiyar iyali. Sai da su ukun suka aje aiki sannan Dogo ya tono lambobinsu ya haɗa su a WhatsApp, Ɗan Tsibiri kuma ya ce su zo su ga inda ya fito. Iyalan Alhaji ba su so tafiyar ba. Kuɗin jirgi, ta Adis Ababa, ya isa a yi wa gida sabon rufi. Shi dai ya ce zumunta a ƙafa take, ya tafi a watan Oktoba na 2024.

Kwana biyun farko sun yi masa nauyi. Mai masaukin bai rage komai ba: ya zaga da su Hell-Ville, babban garin tsibirin, ya nuna musu gonakin ilang-ilang, itacen da ake tatsar man turare daga furensa, ya ciyar da su shinkafa safe da rana da dare kamar yadda ake yi a can. Amma hirar ta tsaya a kan muƙamai da kuɗin fansho, da ɗan wane da ke Kanada, da hawan jini. Dattawa uku ne masu ladabi ga juna, ladabin kuwa ya fi ƙarfin abokai. Da dare Alhaji ya kwanta yana lissafin kwanon rufi.

Rana ta uku suka shiga ƙaramin jirgin ruwa mai inji zuwa Nosi Tanikeli, ɗan tsibiri da ke kudu da Nosi Be, wanda aka keɓe ruwan da ke kewaye da shi aka hana kamun kifi a ciki. Tudu ne guda mai kurmi, da tsohuwar hasumiyar fitila a ƙololuwarsa, da farin rairayi a gindi. Aka miƙa wa kowa tabarau mai rufe ido da hanci, da bututun da ake ciza a baki a yi numfashi fuska na cikin ruwa. Dogo, ɗan bakin teku, ya faɗa tun kafin a gama bayani. Alhaji ya ce shi zai tsare kaya.

«Alhaji, ba mai taɓa kaya a nan,» in ji Ɗan Tsibiri. «Sa rigar nan, ba ta barin mutum ya nutse. Abin da ya rage, ka ba ni hannunka.»

«Ɗan'uwa, da furfurar nan?»

«Ni ma da ita zan shiga.»

Alhaji ya shafe fiye da shekara talatin yana jagorar jiragen da ba ya gani. A farkon aikinsa, a sararin Sahara, abin da ke tsakanin matuƙi da hatsari shi ne murya a rediyo, da takarda, da agogo; matuƙin ya yarda da wanda bai taɓa sani ba, ya hau ko ya sauka bisa maganarsa. Kullum Alhaji ne ake yarda da shi, bai taɓa ɗanɗana ɗaya gefen ba. Ya sa rigar, ya ciji bututun, ya yi bisimilla a zuci. Da ya sunkuyar da fuska sai tsoro ya sa ya ɗago, ya shaƙi ruwan gishiri, ya yi ta tari. Sau uku ana haka. Ɗan Tsibiri bai yi dariya ba, bai kuma saki hannun ba. A karo na huɗu ƙafafun Alhaji suka rabu da ƙasa.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne ƙara. Ya zaci ƙarƙashin ruwa shiru ne, sai ya ji ƙas-ƙas ko'ina kamar ana tuyar gero. Ga kifi mai bakin aku, kore da shuɗi, yana kankarar dutse. Ga wasu masu ratsin baƙi da fari sun zo gab da tabaransa suna leƙensa ba kunya. Ƙasa kuwa murjani ne, wani kamar ƙahon barewa, wani shimfiɗe kamar faifai, wani dunƙule kamar curin dawo. Shi murjanin da ya sani na wuyan mata ne, ja, a zare. Bai taɓa kawo wa ransa cewa yana da dangi masu rai da faɗin gona ba. Da bututu a baki ba a magana. Idan Ɗan Tsibiri yana son ya dubi wani abu, sai ya matse masa hannu. Ya matse da ƙarfi sau biyu, Alhaji ya juya, sai ga kunkurun teku mai baki irin na shaho ya taso a hankali, ya shaƙi iska a kusa da su, ya koma. Alhaji ya matse nasa hannun shi ma.

Da suka fito suka zauna a inuwa ana gasa kifin da aka taho da shi, sai ya tambayi dalilin da wasu rassan suka yi fari fat, wasu kuma suka kakkarye. Nan mai hasashen yanayi ya farka. Ya ce murjani dabba ce ƙanƙanuwa mai gina wa kanta gidan dutse, a jikinta kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke ba ta abinci da launi. In zafin ruwa ya haura abin da ta saba da digiri 1 kawai, ya daɗe makonni, sai ta kori gansakukar ta yi fari. In ruwa ya huce da wuri ta farfaɗo, in bai huce ba ta mutu. An ga haka a tekun Indiya a 1998 da 2016, a watan Afrilu na 2024 kuma hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi ta ba da sanarwar karo na huɗu da abin ya game duniya. Alhaji ya gaya masa cewa a Hausa, in an rubuta, farin launi da farin rashin ruwa ba su da bambanci. Dogo ya ce ashe yunwar 1984 ce ta biyo su har cikin teku.

Ɗan Tsibiri bai yi dariya ba. Ya daɗe yana wasa da rairayi, sannan ya yi tambayar da ya kwana biyu yana kauce mata.

«Inna fa?»

«Allah Ya yi mata rasuwa, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Har ta tsufa tana tambaya ko yaron nan na cikin ruwa ya yi ƙiba.»

Ɗan Tsibiri ya tashi ya taka zuwa bakin ruwa, ya tsaya ya ba su baya. Ba wanda ya bi shi. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya tambaya ko durumin tsakar gidan yana nan, da sunan unguwar, da watan da sanyi ke da sauƙi a Damagaram. Alhaji ya ce Nuwamba, kafin ƙura ta yi yawa. Mai jirgi ya daga murya ya ce saura awa ɗaya a tashi. Alhaji ya jawo tabaran, ya kakkaɓe rairayin da ke ciki, ya ce su koma wajen da suka ga kunkurun.